Zakarana a Ƙarƙashin Kwando

Shekarar da mahara suka ƙone ƙauyukan yamma da Ƙarfi, ina da sagaru a bayan ɗakin kakata, da ɗan zakara ja guda ɗaya a cikinsu. Bai iya komai ba sai cin tsiya. In na kawo musu gara a tsingaro, shi zai fara cusa kai, sagarun su taru su fige masa wutsiya, ya ruga ya ɓuya a gindin rumbu. Cara kuwa lokacin yake koyo, muryar tamkar an taka wuyan akuya. Na rantse har jakin maƙwabcinmu sai da ya yi masa dariya.

Unguwarmu a cikin kurmi take, mai wucewa a hanyar Maska ba ya ganin ko jinka ɗaya. Da labarin mahara ya matso, mai unguwa ya ce kada a hura wuta da rana, kada a yi daka, kuma duk mai zakara ya yanka, don cara ce ke nuna wa baƙo inda mutane suke.

Na faɗi gaban kaka ina birgima.

"Tashi, mijin banza," in ji ta. "Ni ba ka taɓa yi mini kuka haka ba. Kife shi da gajeren kwando, ka danne da dutse. Zakara ba ya cara sai ya miƙe wuya."

Haka na yi, ina zura masa tsaba ta ƙasa. Unguwa ta yi tsit, ko jarirai a hankali suke kuka.

Wata safiya muka ji ƙarar kofaton dawaki a bakin rafi. Maza suna gona, kaka ta ja ni bayan danga muka durƙusa. Ashe tsabar nan ta jawo sagaru. Suka yi ta tono a gindin kwandon har ya karkace, dutsen ya mirgino. Sai ga gogan ya fito, ya karkaɗe jiki, ya buɗe fuffuke, ya soma miƙa wuya.

Ban san lokacin da na faɗa kansa ba. Na shaƙe shi a hammata ina jin zuciyarsa tana bugun tawa. Muna jin dawakin suna shan ruwa, wani mutum yana tari. Sun daɗe kafin su tafi.

Da na sake shi, kansa ya langaɓe, ido ɗaya ne kawai ke motsi.

Kaka ta miƙo mini wuƙa. "Kai ne namiji a gidan. Yi bisimilla kafin ya zama mushe."

Na yanka shi. Sagarun suka zo suna tsattsagar jinin a ƙasa.

Damina ta wuce babu ɗan tsako ko ɗaya a unguwarmu, tunda ba sauran zakara, ƙwai sai dai ya ruɓe a ƙarƙashin kaza. Da asuba kuma kowa kan farka da kansa, ya yi lamo yana sauraron bakin rafi.