Koriyar ƙofarmu a shafin ɗana

Babban ɗana ƙwallon kwando yake bugawa a wata ƙasar Larabawa, kuma da ita yake ci yake sha. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ko a takarda hannuna ba ya yarda ya rubuta. Tun yana ƙarami tsawonsa ya fita daban, kafin ya gama kolej sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Daga filin lakwal, wato makaranta, na nan Dogon Dutsi aka kai shi Yamai, daga Yamai wata ƙungiya ta ɗauke shi. Babansu bai ga wannan ba, ya riga mu gidan gaskiya. Ni da autata muka rage a gidan, tana da shekara goma sha huɗu a lokacin.

Wata Juma'a bayan la'asar ya kira, muryarsa cike da murna. Ya ce an yi masa shafi nasa na kansa a intanet, abin da yara ke kira sit, don manyan ƙungiyoyi su san shi. Ya aiko da adireshin a salular auta.

"Inna, ke za ki duba min shi. Abin da kika ce, shi ke nan."

Na ce mi na sani ga wannan aiki. Ya yi dariya, ya ce ai idona ya fi na kowa.

Muka shimfiɗa tabarma gindin iccen bedi, auta ta riƙe salula. Rezo, wato layin waya, ba ƙarfi ran nan, hoton farko ya dinga buɗewa daga sama, kai tukuna, sai kafaɗu, sai dogayen hannuwan nan riƙe da ƙwallo. Ni abin da na fara dubawa wuyansa, in ga ko ya rame. Bai rame ba. Na duba ko akwai kwalba ko matan banza a gefen hotunan, babu. An tsara abin da tsabta, baƙi da ruwan zinariya, rubutu bai hau kan hoto ba. Akwai bidiyo inda ya yi tsalle ya zura ƙwallo ya rataya a bakin kwandon, sai da na dafe ƙirji. Akwai wasu lambobi jere da faransanci, auta ta ce lissafin ƙwallayen da ya ci ne. Hoto ɗaya ne ban so ba, ya wage baki yana ihu kamar mai faɗa. Auta ta ce haka ake yi. Na ce to.

Sai ta taɓa wani wuri, ta miƙo min salular ta ce wannan ni zan karanta.

Da Hausa aka rubuta shi, da manyan baƙaƙe. Na gane don ni ya sa aka yi hakan, don ya san karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi, kuma Hausa kaɗai nake iya bi. Na ɗora yatsa ina bi sannu sannu. Ya ce wannan ita ce mahaifiyarsa da ta yi ta soya ƙosai har ya zama mutum. Ya ce ga gidan da ya gina mata, ya faɗi unguwa, ya faɗi cewa bayan tasha yake. Ga ni tsaye a hoto bakin ƙofarmu ta ƙarfe, koriya shar, wadda babu irinta a layin. Ƙasa kaɗan ga auta da kayan lakwal, riƙe da jan keken da ya aiko mata, an rubuta cewa da shi take zuwa kolej kowace safiya.

Hawaye suka zubo min, auta ta ɗauka na daɗi ne. Akwai na daɗin a ciki. Amma tsoro ya fi yawa.

Shekarun nan ba mu da kwanciyar hankali ta wajen iyaka. A kasuwa muke jin labari, an shiga ƙauye kaza an tafi da wane, sai an sai da shanu da gona kafin a sako shi. Wata da muke sayen wake wurinta, daga wajen Dumega take zuwa, ta taɓa gaya min cewa ba sa ɗaukar mutum haka kawai, sai sun san akwai wanda zai biya. Ga shi ɗana ya shaida wa duniya cewa akwai mai biya, ya nuna ƙofa, ya nuna yarinya, ya faɗi lokacin fitarta.

Da ya sake kira washegari, ban iya faɗa ba. Yaron da ban taɓa yabonsa a gaban idonsa ba, shi ya yabe ni gaban duniya, yana jira ya ji na ce madalla. Na ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Na ce a raina wa zai kula da mu, cikin gari muke, ga jandarmomi.

Aka ɗan kwana biyu. Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa na ji moto, wato babur, ta tsaya a ƙofa, aka yi sallama. Maza biyu ne, ban san su ba. Na gaba ya naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani, kodayake masu doguwar tafiya a moto duk haka suke yi. Na bayan saurayi ne mai fara'a. Ya ɗaga salularsa ya nuna min, sai ga ni ina kallon kaina tsaye a bakin ƙofar da nake tsaye. Ya ce a tasha suka tambaya, da suka shigo layin kuwa ba su sha wuya ba, ƙofar ta nuna kanta.

Suka ce sun zo gaida uwar gwarzo ne. Saurayin ya ce yana da ƙane dogo, ko za a taimaka a haɗa shi da ɗana. Na kawo musu ruwa. Mai rawanin bai sha ba, idonsa na kan katanga da tsakar gida. Da za su tafi saurayin ya waiwayo.

"Hajiya, ina ƙanwar tamu mai jan keke? Ba ta taso ba tukuna?"

Na ce ta yi tafiya. Ya yi murmushi, suka tayar da moto.

Na koma na zauna gaban shinkafar, ban ƙara tsince ko ƙwaya ba. Da rana ta take, lokacin tashin ƴan lakwal, na sa hijabi na fita bakin titi. Yara suka yi ta wucewa, ƙungiya ƙungiya, ina duban kowane keke. Ƙawayen auta biyu suka gaishe ni, na tambaye su, suka ce ai ta riga su fitowa. Na kama hanyar kolej ina tafe ina salati, duk moto da ta wuce sai na leƙa bayanta. Ban san ina sauri ba sai da takalmina ya tsinke, na ɗauke shi a hannu, ƙasa na ƙona min tafin ƙafa.

Wajen mai gyaran taya na hango jan keken. Auta na tsugune a inuwa tana cin gyaɗa, ƙaya ce ta fasa mata taya. Ta ce, "Inna, lafiya? Ina takalminki?" Na kama hannunta kawai. Keken ma sai da yamma aka kawo mana.

Ran nan ni na sa auta ta kira shi, abin da ban saba ba. Na gaya masa shafinsa ya yi kyau ƙwarai, wasansa da hotunansa duk a bar su, amma wurin nan na Hausa nake so a cire, da ni da ƙofa da yarinya. Sai ya ce duk shafin saboda wurin nan ya yi shi, sauran na masu ƙwallo ne.

"Ko kunya na ba ki, Inna?"

"Ba ka ba ni kunya ba. Na karanta shi da kaina, har na hardace. Amma ka daɗe ba ka kwana a garin nan ba. Yau wasu sun zo da hotona a hannu, sun tambayi ƙanwarka."

Na ji numfashinsa ya sauya. Ya tambayi kamanninsu, na faɗa. Ya ce wataƙila masoya ne kawai, na ce wataƙila. Ya ce bari ya kira mai kula da shafin yanzu. Kafin magariba an cire. Amma ya gaya min gaskiya, hotunan sun riga sun shiga wayoyin mutane, waɗannan ba mai iya dawo da su.

Don haka abin da ke hannuna na yi. Na je na shaida wa mai unguwa. Na sa aka shafe ƙofar da fenti ruwan ƙasa, irin na maƙwabta. Keken na jingine shi a ɗakin ajiya na rufe da buhu, auta ta koma tafiya a ƙasa cikin ƙawayenta. Ta yi fushi da ni sosai, ta ce na mai da ita fursuna saboda mutanen da suka sha ruwa suka tafi. Ban yi gardama da ita ba, don ni ma ban san ko su wane ne ba. Har yau ban sani ba. Ba su dawo ba, ƙanen nan dogo ma ba mu gan shi ba.

Yanzu in auta ta buɗe min shafin, nakan duba shi daga sama har ƙasa, in duba bayan kowane hoto ko akwai abin da ke nuna gida. Babu. Inda rubutun nan yake a da, layi ɗaya ya rage da Hausa, yana gode wa wadda ta haife shi, ba suna, ba gari. Wannan na ce a bar shi.

Fentin ƙofar ba mai kyau ba ne, damina na ɓare shi. Shekaranjiya na ga kore ya leƙo ta wajen makulli. Ina da ragowar fentin a gwangwani, na samo tsumma na shafe wurin kafin auta ta taso.