Gwaggo Hadiza, Wadda Ta Koya Mana Datse Jimla

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Hadiza, ƙanwar mahaifina, kuma har yau tsofaffin ɗaliban Nijar na Faransa ba su daina ambatonta ba duk lokacin da hira ta kai ga rubutu da Ingilishi.

Ƴar Damagaram ce. Ta karanci Ingilishi a Zariya tun tana budurwa, lokacin da sa'o'inta ke ganin Faransanci ya ishi ɗan Nijar rayuwa. Daga baya aure da aiki suka kawo ta nan Faransa, ta zama mai fassara a wani kamfani a Paris, tana zaune a Stains, a gefen birnin, da iyalinta. Ni kuwa karatun dokta ya kai ni Villeurbanne, a gefen Lyon, ina binciken ruwan rijiyoyin karkarar Maraɗi. Na gano wani sinadari da ya yi yawa a ruwan wasu ƙauyuka, yana ɓata haƙoran yara yana lanƙwasa ƙasusuwansu. Na rubuta sakamakon da Ingilishi, don da shi masana kimiyya ke karanta aikin juna, na aika wa wata mujalla. Suka mayar mini da shi, suka ce ba su gane abin da nake son faɗa ba. Malamin da ke duba aikina ya ce in sake gwadawa, amma in aka kuma mayar da shi ba zan kammala a shekarar ba. Ga shi takardar izinin zamana a ƙasar ta kusa ƙarewa.

Na hau jirgin ƙasa na tafi wurin Gwaggo. A kasuwar Château Rouge ta Paris na same ta tana sayen kuka da daddawa. Da muka isa gida ta miƙo mini zogale in tsinke, ita kuma ta ɗauki takardun. Ba ta yi nisa ba ta ɗago kai.

"Mariyama, me kika gano?"

"Gwaggo, ai yana cikin takardar."

"Na duba, ban gan shi ba. Faɗa mini da bakinki, kamar Inna kike faɗa wa a tsakar gida."

Na ce ruwan wasu rijiyoyi yana cutar da yara, kuma na san ko waɗanne ne.

"To, shi ne zai zo a farko. Me ya kai shi can ƙarshe?"

A makon da na yi a gidanta na fahimci ciwona. A lakkwal, wato makarantar boko, an koya mana Faransanci mai doguwar shimfiɗa, jimla guda ta cika rabin shafi kafin ta sauke kayanta, ni kuma na kwaso wannan ɗabi'a na zuba a Ingilishi. Gwaggo ta ce kowace jimla ta ɗauki magana guda. Ta ce a fara da wanda ya yi aikin, sannan aikin: in ni na auna ruwan, in ce na auna, kada in ɓuya a bayan "an gudanar da aune-aune". Tana zargin duk babbar kalma, musamman wadda ta yi kama da ta Faransanci, don sau da yawa kamar ce kawai, ma'ana ta sha bamban. Ta sa na riƙa karanta rubutun da ƙarfi a falo. Duk inda numfashina ya yanke, nan za a datse. Sakin layina na farko, wanda na fi alfahari da shi, ta ce gyaran murya ne kawai, in share shi.

Ba ta da sauƙi, in faɗi gaskiya. Ba ta taɓa rubuta wa kowa jimla ba, sai dai ta ja layi ta ce a sake. Akwai ɗaliban da suka ji zafin haka ba su ƙara komawa ba. Ni ma na yi kuka a ɗakin girkinta. Amma mujallar ta karɓi aikin, kuma wani injiniya da ya karanta shi ya nemi ƙarin bayani, har aka haƙa sababbin rijiyoyi a wasu daga cikin ƙauyukan.

Yau ɗalibaina suna manna rubutunsu a na'ura, ta mayar musu da Ingilishi sumul cikin ƙiftawar ido. Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce. Ba na jin za ta yi faɗa. Mace ce mai son duk abin da ke rage wa mutum wahala, kuma ta san yadda harshe ke tare wa masu basira hanya. Sai dai za ta lura da abin da nake gani a ofis: shafi mai santsi, babu kuskure ko ɗaya, amma in ka kai ƙarshe ba ka riƙe komai ba. Na'ura tana goge kalmomi su yi ƙyalli. Tunanin da bai nuna ba kuwa, ɗanye yake fitowa komai kyan rigarsa.

A zaman makokinta na san girman aikin da ta yi a ɓoye. Wani ɗan kasuwa daga Cadi ya ce ita ta koya masa rubuta wa masu aiko masa da atamfa saƙon da ake ganewa kai tsaye. Wata likita ta zo tun daga Lyon, ta zauna a tabarma tana hawaye, ta ce ba don Gwaggo ba da ta bar bincike tuntuni.

Ba ta bar littafi da sunanta a bango ba. Sunan nata yana can ƙasan ayyukan wasu, a ƙananan haruffa, wurin da ake godiya, inda ba kowa ke dubawa ba. Ina ganin hakan bai dame ta ba. Abin da ya rage nata shi ne ƴaƴan Tawa da Maraɗi da Damagaram da suka daina jin tsoron a gane su, suna faɗin abin da suka sani a fili, duniya kuma tana saurare. Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo, ya sauƙaƙa miki tambaya kamar yadda kika sauƙaƙa mana amsa.