Orrin Tackett, mai karanta sawu a tudun jifa

Da ƙarfe bakwai na safe Orrin Tackett yake buɗe ƙofar bayan filin besbol na garinmu, manjagara a kafaɗa, mesa a naɗe a hannu. Ba da ciyawa yake farawa ba. Tudun jifa yake nufa, ɗan tsibin yumɓun da majefi ke tsayawa a kai ya wurga wa mai sanda ƙwallo. Sai ya durƙusa, ya daɗe yana duban ramin da ƙafar majefi ta haƙa jiya, sannan ya cike shi, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓe. Shekara talatin da takwas ke nan. Ranar Juma'a zai miƙa makullai, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

A garin nan, da zarar ƙanƙara ta narke kowa sai ya zama masani. Kafin a buɗe kakar wasa, har mai wanke-wanke a gidan abincin Dot ya san wasa nawa ƙungiyarmu za ta ci cikin ɗari da talatin da biyu. Ni a jarida nake buga nawa hasashen, da manyan baƙaƙe da hotona a gefe. Orrin kuwa a 'yar takarda yake rubuta nasa, ya jefa a gwangwanin kofi, ba a buɗewa sai ranar wasan ƙarshe. Kusan kullum nasa ne ke fin kusa da gaskiya, mu kuma mu ce sa'a ce.

Ba sa'a ba ce. Majefi zai rantse maka lafiyarsa ƙalau, amma in hannu ya fara ciwo takunsa yakan gajarce, kuma Orrin ne mutum na farko da ke ganin sawun kowace safiya.

Shekara shida da suka wuce aka kawo mana Yunior Peguero, ɗan shekara ashirin da huɗu, mai jifan da ba a ganin ƙwallon sai dai a ji ƙararta. Na buga cewa za mu ci tamanin da biyar mu ɗauki kofi. A makon ne Orrin ya tarar da Koci Rusk a ofis.

"Koci, sawun Peguero ya ja baya da yatsa huɗu, kuma yana karkata hagu. Hannun nan ciwo yake masa, ɓoyewa yake."

Rusk ya nuna masa na'urar auna gudu. "Mil casa'in da bakwai a awa, jiya-jiyan nan. Hannu mai ciwo ne ke wannan aikin?"

"Ni dai abin da ƙasa ta nuna min na faɗa."

"To, ka gaishe min da ƙasar! Tsakani da Allah, Orrin, in na zo ina koya maka yankan ciyawa za ka ji daɗi?"

Daga nan Orrin ya nemo ni da maganar. Abin kunyar da na yi ban manta ba: dariya na yi, washegari na laƙaba masa suna bokan tudu a shafina. Wata guda ana tsayar da shi a hanya, "Boka, gobe za a yi ruwa?"

Saura mutum ɗaya da bai gaya wa ba, shi ne mai hannun. Al'adar fili ce tun kaka da kakanni: mai gyaran fili ba ya yi wa ɗan wasa maganar wasa. Kullum Yunior ya wuce sai ya ce, "Baba, yaya tuduna?" Orrin ya ce, "Ya yi laushi yadda kake so." Sai ya durƙusa ya cike ramin da hannunsa, domin aikinsa ke nan.

A watan Yuni, gaban mutum dubu huɗu, jijiyar gwiwar hannun ta tsinke. Yunior bai sake jifa ba. Yanzu rufin gidaje yake yi a wata jiha, kuma duk Kirsimeti sai ya aiko wa Orrin kati. Orrin ya gaya min katin ya fi komai yi masa ciwo, don ya ga sawun amma bai faɗa wa yaron ba. Da aka buɗe gwangwani a shekarar, sittin da ɗaya muka gani a rubuce, mu kuma sittin da biyu muka ci. Ba wanda ya ce sa'a ce, ba kuma wanda ya ba shi haƙuri.

Kai ne ka faɗi gaskiya, Orrin, kai ne kuma ka ɗora wa kanka laifin, mu da muka yi dariyar muka ci gaba da cin abincinmu.

Talatar da ta wuce ya sake ganin irin sawun nan, wannan karon na sabon majefinmu, Tobias Renner. Bai cike ramin ba. Bokiti ya kifa a kai, ya zauna a kan bokitin har Renner ya iso.

"Zo nan, ɗana, durƙusa. Tun yaushe hannun yake maka ciwo?"

"Wa ya ce yana min ciwo, Baba?"

"Ƙafarka ce ta faɗa."

Renner ya dubi ramin, ya ce, "Mako uku."

Da Rusk ya zo ya tarar da su a durƙushe, bai ce a gaishe masa da ƙasa ba. Shi ma gwiwa ya sa. An cire Renner daga wasan buɗe kaka, zai huta sai likita ya sallame shi.

Mun gode, Orrin, kuma ka yafe mana. Mun makara da shekara shida. Ku kuma da kuke da irinsa a wurin aikinku, mai shara ne ko mai gadi, ku saurare shi tun yana magana. Wanda ya ga abu kuma, ya faɗa wa mai abin.

Bana ban buga hasashe ba. Jiya na same shi yana naɗe mesa, na ce, "Malam Orrin, nawa za mu ci?"

Ya karkata min gwangwanin, ba komai a ciki.

"Ban sani ba," in ji shi. "Amma a watan Satumba, ƙarshen kaka, Renner na nan yana jifa."