Tsohuwar Jajaye da Mijin 'Yarta

Shekarun baya da ɗan dama, ina aji biyar a makarantar koyon likitanci, aka rarraba mu ƙauyuka na wata biyu kamar yadda ake yi wa kowane aji. Ni aka jefa ni wani ɗan asibiti a ɗaya daga cikin ƙauyukan Karaye. Ɗaki uku ne da baranda, sai darbejiyar da masu jira ke zama a gindinta.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ba tausayin marasa lafiya ne ya kai ni karatun likita ba, littattafan soyayya ne. Tun ina 'yar sakandare a Rogo nake karɓo hayarsu in ɓoye a cikin littafin lissafi. A cikinsu duk likita dogo ne, mai sanyin murya, ƙamshin turarensa na riga shi shiga ɗaki. Kallo ɗaya yake yi wa mara lafiya ya san abin da ke damunta. Na ce a raina ko dai in auri irinsa ko in zama shi. Da na ga auren ba shi da ranar zuwa, sai na kama karatu.

Ina shiga makarantar kuwa na tarar da shi a tsaye da ƙafafunsa. Wani malaminmu ne, babban likita, da 'yar furfura a gefen kai da farar riga wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Duk abin da ya fito daga bakinsa rubutawa nake yi, saura kaɗan in rubuta har tarinsa. Wata rana muna zagayen marasa lafiya ya tsaya a kan gadon wata mata ya ce mana, "Idan aka kawo muku matar ƙauye, kada ku ɓata wa kanku lokaci. Ko ta ce ko'ina ciwo yake, ko ta ce ba komai. Ku tambayi wanda ya kawo ta, ku rubuta, ku wuce." Aji ya yi dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa, don kada wani ya tuna daga inda na fito. Akwai wasu 'yan kalmomin Turanci da ya koya mana mu riƙa sawa a saman katin irin waɗannan mata, ma'anarsu ba ta iya bayani ba. Na iya rubuta su da kyau sosai.

To, da wannan ilimi na sauka a ƙauyen nan, ina jin kaina kamar wadda aka aiko ta ceci duniya.

A makona na farko aka kawo wata tsohuwa 'yar ƙauyen Jajaye. Ta zo zaman jego ne wurin 'yarta da ke aure a garin, shi ya sa ba 'yar ce ta rako ta ba, mijin 'yar ne. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya riƙe mata kati, shi ya jawo mata kujera, sannan ya tsaya a bayanta ya harɗe hannu. Ita kuwa ta ja mayafi ta juya fuskarta wajen bango.

Na ce, "Inna, sannu. Ina ke miki ciwo?"

Ta ce, "Jikin ne dai, 'yar nan."

A raina na ce, ka ji malam bai yi ƙarya ba. Na juya wurin surukin. Ya ce, "Likita, jiri ne da kasala. Da, ita kaɗai take ɓare kwanon gyaɗa kafin azahar, yanzu ko rabi ba ta yi sai ta kwanta." Na buɗe fatar idonta, fari fat, babu jini. A takardarmu akwai tambayar ko jini na fita ta wani wuri, kuma wallahi na yi tambayar. Shi na yi wa. Ya ce a'a, ba ta yanke ba, ba ta faɗi ba. Na rubuta babu. Na rubuta maganin ƙarin jini da na zazzaɓi, jami'in da ke kula da mu ya sa hannu, suka tafi suna godiya.

Bayan mako uku suka dawo, ta ƙara yin fari. Na ƙara magani, na kuma yi musu doguwar lacca a kan cin zogale da hanta. Bayan wasu mako ukun suka sake dawowa, wannan karon sai da surukin ya tallafe ta suka hau baranda. Raina ya ɓaci, ba da kaina ba, da ita.

"Inna, tsakaninki da Allah kina shan maganin nan kuwa?"

Surukin ya ce, "Likita, ni da hannuna nake ɓallo shi in aika mata."

"To, ko kina haɗawa da jiƙe-jiƙe? Ku mutanen nan haka kuke."

Ku mutanen nan. Ni ce na faɗa, ni da aka yanke wa cibiya a Rogo Sabon Gari.

Akwai wata dattijuwa da ke share asibitin tana dafa ruwa, Iya muke ce mata. Da can ungozoma ce. Zuwan nan biyu na baya ba ta nan ciki, sai ranar ta shigo kwashe shara ta ji ina faɗa. Ta jingine tsintsiya, ta dubi tsohuwar, ta dubi mutumin da ke tsaye a kanta.

"Malam, mahaifiyarka ce?"

"Surukata ce, Iya."

"Af. To ka ga baiwar Allahn nan ba ta karya ba. Je ka bakin kasuwa ka samo mata kunu mai zafi. Ban da na mai rumfar farko, nata tsararo ne. Ka wuce har gaban masallaci."

Yana fita ta turo ƙofa ta jingina da ita, ta ce mini, "Yanzu tambaye ta."

Ban ma gama buɗe baki ba tsohuwar ta juyo daga bangon. Wannan matar da na rubuta wa ba ta iya bayani ba har sau uku, ta yi mini bayanin da ban taɓa jin mai kyansa ba a duk zagayen da muka yi a birni. Ta daina ganin al'ada tun kafin a aurar da autarta. Wata bakwai da suka wuce, ana cikin cirar gyaɗa, jini ya dawo. Da fari ɗigo-ɗigo, daga baya har da guda-guda, ga wani ruwa mai wari. Ta faɗi ranakun da ya fi yawa, ta nuna mini daidai inda mararta ke yi mata nauyi. Tsummokaranta a cikin ɗaki take shanya su don kada a gani. Abin da ya fi damun ta ma salla ce, ba ta san ko ta yi ko ta bari ba, kuma ta rasa bakin da za ta aika a tambayo mata malam.

Na ce, "Haba Inna! Me ya hana ki faɗa mini tun zuwan farko?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "A gaban mijin 'yata?" Sannan ta ce, "Da na ji harshenki na ce wannan ta gida ce, za ta ce masa ya ɗan ba mu wuri. Sau uku ina jira."

Iya ta ce, "Ke 'yar ina ce, likita?"

Na ce Rogo.

"Rogon nan da na sani? Uwarki tana da suruki?"

"Tana da biyu."

"Kin taɓa ganin ta sha ko ruwa a gabansu?"

Ban taɓa gani ba. Mahaifiyata in ta ji sallamar mijin yayata, ko loma ce a bakinta sai ta shige ɗaki. Na san wannan tun kafin in san karatu. Shekara biyar aka yi ana cire mini shi daga kai, ni kuma ina miƙa kan ina murna.

Da surukin ya dawo da kununsa na ce masa ciwon mata ne, sai an je babban asibiti a birni, kuma a samo mace ta raka ta. Ya sunkuyar da kai ya ce to, bai ƙara tambayar komai ba. Washegari ya je Jajaye ya ɗauko ƙanwarta. A birni aka gano ƙari ne a mahaifa, irin mugun nan. Aka yi mata aiki aka cire mahaifar. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, ta koma gida, har ta ga yayen jikan da ta zo wa jego da na bayansa. Amma mako shida na ci mata, kuma na san a irin wannan ciwo mako shida ba abin wasa ba ne.

Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne wanda ya biyo baya. Da muka koma makaranta kowa ya gabatar da abin da ya gani. Na tsaya a gaban aji na ba da labarin nan duka, ban ɓoye laifina ba. A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri ne gwarzon yake cire tabarau, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ya yi kuskure. Har na shirya yadda zan yafe masa. Malaminmu ya gyaɗa kai ya juya wurin aji.

"Kun gani ko? Wata bakwai tana zubar da jini ba ta faɗa wa kowa ba. Abin da nake gaya muku ke nan game da mutanen nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a tambaye ta ba ne."

"An tambaye ta. Ga shi a katinki. Zauna."

Na zauna. Ya ba ni maki mai kyau kuwa.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi a wata makarantar, kuma na gane ba mugunta ce ta sa shi faɗin abin da ya faɗa ba. Haka aka koya masa, ya koya mana, mu ma da mun koya wa na baya. Babu littafin da aka rubuta cewa matar ƙauye ba ta iya magana ba. A bakin gado ake koyar da shi, cikin raha, ɗalibi ya yi dariya ya haɗiye. Mace 'yar boko in ta shigo a ce wa mijinta ya jira a waje, a ba ta kujera a saurare ta. Tsohuwa mai mayafi kuwa a yi maganarta a bisa kanta kamar buhun da aka kawo awo, sannan a ce ita ce ba ta da baki.

Na rubuta wa kwamitin tsara karatu na ce a riƙa gayyato irin su Iya su zauna da ɗalibai ko na awa ɗaya kafin a tura su ƙauye. Aka zauna a kan takardata har sau biyu. Amsar da ta fito ita ce, wace takardar shaida matar take da ita?

Sai na daina roƙo. Na tafi Karaye da kaina na ɗauko Iya, na shigo da ita aji a lokacin darasina. Ta zauna a kujerata da carbinta ta yi musu bayanin wanda ake faɗa wa ciwo da wanda ba a faɗa wa, da yadda ake fitar da mutum daga ɗaki ba tare da an kunyata shi ba. Wasu suna rubutawa, wasu suna danna waya. Da ta gama, wani ɗalibi ya ɗaga hannu daga baya, ba ma ita ya kalla ba, ni ya kalla.

"Malama, wannan zai fito a jarrabawa?"

Kafin in sami abin da zan jefe shi da shi, Iya ta riga ni.

"A'a, ɗan nan, kwantar da hankalinka. Taka jarrabawar a bayan babur za a kawo maka ita asibiti."