Haruna na Bayan Zana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Haruna, mutumin da Jega ta sha jin muryarsa ba ta gan shi a fage ba. Shi ya kafa 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe, wadda muke zaga garuruwa da ita bayan an cire albasa. Shi ke tsara waƙoƙin, sannan ya tsuguna bayan zanar da muke yin labule da ita, yana raɗa wa 'yan wasa baitin da za su rera.

Kara na yi masa da na ce raɗa, don 'yan kallo kan riga ɗan wasa ji. Abin da ake yi bayan zanar kuwa ya fi na gabanta ban dariya. A Aliero mai kalangunmu ya ajiye kiɗa ana tsakiyar wasa, wai motar masu sayen albasa ta iso. A Giwa Tazo jakin da muka aro ya cinye rabin zanar, sai ga Haruna a fili yana ɗaura wa Garba zane. Garba shi ke fitowa a matsayin tsohuwa, ga gemu har ƙirji, ya kuma rantse ba mai aske masa.

Yau ba mai zuwa fili kallo, kowa ya duƙa kan waya. Da Haruna zai gani, ina jin tsaki zai ja ya koma gona.

Abin da ke ci mini rai waƙoƙin ne. Bai yarda a rubuta ko ɗaya ba, wai abin da ke ka ba ya ɓata. Mu ma muka biye masa. Da na sani ƙeya ce.

Watan jiya na je Maiyama wurin Garba, don ni da shi kaɗai muka rage. Na ce ya rera mini abin da ya riƙe. Sai ya ce, "Wallahi ƙanena, ban taɓa hardace ko baiti guda ba. Shi ka hwaɗi, ni in maimaita."

Muka wuni muna lalube, da ƙyar muka haɗa baiti uku, su ma ba mu da tabbacin wanne ne farko. Na rubuta su a takarda. Yaya, ka yafe mini, na saɓa maka. Allah ya jiƙanka.