Dusar da ta makantar da jar saniyar Inna

Shekarar da ciyawa ta ƙare tun rani bai yi nisa ba, shanu biyu suka rage wa Inna a rugarmu, kusa da Kanan-Bakashe: ja da fara. Da nonon jar muke ci. Busasshen kara kaɗai suke samu, har haƙarƙarinsu ya fito, nono ya ja baya.

Yayana da ke aiki a Maraɗi ya aiko da buhunan dusar alkama da ɓarzajjiyar masara. Inna ta riƙa cika wa jar daro safe da maraice, tun da ita ke shayar da ɗan maraƙi, farar kuma ɗan kaɗan. Nono ya dawo, muka yi murna.

Ba a daɗe ba jar ta fara zawo, ta daina tuƙa. Wata safiya na kwance ta za mu rijiya, sai ta tafi kai tsaye ta bugi darni. Idanunta garau, amma na kaɗa hannu a gabansu ba ta ƙifta ba. Can ta ɗaga kai sama, wuya ya lanƙwashe baya, tana cizon haƙora. Maƙwabta suka ce iska ce. Aka yi mata hayaƙi, aka ɗura mata jiƙo.

Kafin likitan dabbobi ya iso daga Mayahi a kan moto, wato babur, ta riga ta faɗi tana shure-shure. Ya tambayi abin da take ci, Inna ta nuna masa buhu. Ya ce a tumbin saniya akwai ƙananan halittu masu narka ciyawa. In aka sauya mata abinci farat ɗaya, daga kara zuwa dusa zalla, tumbin yakan yi tsami, wasu halittun su rinjayi wasu, su fitar da wani abu mai lalata bitamin ɗin da ke riƙe ƙwaƙwalwa. Sai ƙwaƙwalwar ta kumbura.

Inna ta ce, “Malam, ƙoshi ne ya yi mata haka?”

“Gaggawarsa ce, Inna. Da sannu ake saba musu, ana haɗawa da ciyawa.”

Ya yi mata allura a jijiyar wuya, ya ce a jira, amma bai ba mu fata ba. Farar ma ya yi mata, ya sa aka rage dusarta. Ita ta tsira.

Kashegari jar ba ta tashi ba. Kawuna ya yanka ta kafin ta zama mushe. Aka raba naman ƙofa-ƙofa, Inna ba ta taɓa shi ba.

Ɗan maraƙin ya yi ta bin farar, ita kuma tana harbinsa. Muka riƙa ba shi kunu a kwalba, cikinsa bai karɓa ba. Ya mutu ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka.