Rabin Ran Wa?

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da daminar da kalma ɗaya ta Faransanci ta kusa kashe mahaifiyata ba. Lokacin ƙasarmu ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma ina gidanmu a Gaya ina jegon ɗiyata ta fari.

Inna ta daɗe tana fama da maƙoƙo, ta rame, hannunta na rawa. Aka kai ta babban asibiti a Dakar. Wanda ya raka ta ƙanenta ne, tsohon soja, mutumin da yake ganin babu Faransancin da ya fi ƙarfinsa. A can aka ba ta wani magani ta sha, mai fitar da hasken da ido ba ya gani. Ranar da suka dawo na miƙa mata jikarta da murna, sai Kawu ya shiga tsakaninmu.

"Likita ya hana. Kada ta ɗauki jinjira."

"Don mi, Kawu?"

Ya ja ni gefe, amma muryar soja ba ta san raɗa ba. "Ya ce demi-vie, kwana takwas. Demi rabi ne, vie kuwa rai. Duk kwana takwas rabin rai zai tafi."

Inna ta ji komai. Ta shige ɗaki, daga ranar ta daina cin abinci. Ta rarraba zannuwanta, ta shiga neman gafarar mutane. Danginmu masunta suka taso daga Tunuga cikin jirgi don ganin ƙarshe. Nakan zauna a bakin ƙofa da jinjira, ita tana kallonmu daga kan tabarma, tsoro da haushi sun cika ni. Da kwanakin suka cika ta ce mini, "Saura rabi." Yunwa ce ke cin ta, amma kowa ya ɗauka maganar likita ce ke tabbata, har da ni.

Ana cikin haka yayana ya zo hutu daga Faransa, inda yake karatun ƙwayar zarra, karatun da muke yi masa tsiya a kai, wai ya ƙetare teku don abin da ba a gani. Ya tarar da gida kamar ana zaman makoki. Da ya ji bayani, tambaya ɗaya ya yi.

"Kawu, ran wa likitan ya ce?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

Yaya ya durƙusa gaban Inna. "Inna, ba ranki ake nufi ba, ƙarfin maganin ne ke raguwa da rabi."

"Lallashina kake yi, ɗan nan."

"Wallahi aikina ke nan kullum. Akwai ƙwayoyin zarra da wani ɗan abu na cikinsu, furoton, ya yi wa yawa, ba su iya zama haka. Sai furoton ɗaya ya rikiɗe, ya tofar da abin da muke kira beta, ƙwayar ta koma wata iri. Wasu kafin ki ƙifta ido rabinsu ya tafi. Maganinki ma kusan haka yake lalacewa, sai dai a hankali. An hana ki jinjira ne kafin ya huce, kamar tukunyar da aka sauke daga murhu."

Inna ta tashi zaune. Ta dubi jikarta, ta dubi ƙanenta da ya sunkuyar da kai.

"Ke, ina furar nan?" ta ce da ni. "Kuma a karɓo mini zannuwana."

Na dama mata. Bayan 'yan makonni ta goya jinjirar, kuma ita ce ta yi mata faɗa ranar da za a kai ta ɗakin miji.

Tun daga nan, duk maganar da ta ƙetaro daga wani harshe ba na yi mata kuka sai na tambayi wanda ya san abin, ba wanda ya san kalmomin kawai ba. Gida guda muka zauna muna jiran gawa, babu wanda ya ce, "Ran wa?"